Makaron na Cakulan da Sitiroberi: Abin da Ido Ba Ya Aunawa

 Ina fata kowacce ta sauke tukunyarta, ta samu wuri ta zauna. Wadda ke da biro da takarda a kusa ta jawo su, domin girkinmu na yau akwai lissafi a ciki.

Wata 'yar uwa ta aiko mana da tambaya. Ta ce an kawo wa kishiyarta tsarabar biki, a ciki har da wasu 'yan ƙananan abubuwa masu launi, zagayayyu kamar an haɗa fai-fai biyu, da ɗanɗano a tsakiya. Ta ce ta yi ƙoƙarin yin irinsu har sau biyu, ƙwanta da sukarinta suka tafi a banza, maigida ya ce ba zai ƙara sayo mata kayan ba. To 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Sunan abin makaron, kuma ni da nake miki magana sai a karo na huɗu na samu wanda zan iya nuna wa baƙo. Na farko ya fashe, na biyu ya baje kamar ƙuli-ƙulin da aka taka, na uku ya manne a faranti sai da cokali aka kankare shi. Laifin kuwa ɗaya ne duka: na auna da ido, yadda muka saba a cincin da alkaki. Makaron ba ya yarda da ido. Wannan shi ne darasinmu na yau.

Bari in ɗan ba ku labarinsa. Abincin Faransa ne. A garin Nansi, a shekarar 1792, lokacin juyin juya halin ƙasar, an rufe gidajen ibadar Kirista inda mata ke zaman kaɗaici. Biyu daga cikin matan suka samu mafaka a gidan wani likita, suka riƙa gasa makaron suna sayarwa domin su ci abinci. Har yau akwai titi a garin da ake kira da sunansu. Nasu guda-guda ne, ba komai a ciki. Haɗa biyu da sa abu a tsakiya kuwa a birnin Faris ya shahara, ta hannun gidan kayan zaƙin nan Ladurée, wanda aka kafa a 1862. Kun ga ke nan, mata ne suka rayu da shi daga cikin ɗakin girki tun kafin manyan kantuna su ɗauka.

Yanzu ga kayan haɗi. Farin ƙwai giram 100, wato na ƙwai uku ke nan ko kusa da haka, amma ki auna. Garin almon giram 130. Sukari mai laushi kamar hoda, wanda ake wa kek ado da shi, giram 130. Sukari na yau da kullum giram 90. Idan na cakulan ne, ki rage giram 10 daga garin almon, ki maye da giram 10 na hodar koko. Ba kokon da muke sha da ƙosai ba fa, uwargida, hodar nan baƙa-baƙa da ake cakulan da ita. Idan na sitiroberi ne, ki bar hodar koko, ki sa ɗan kalar abinci ja, ta gari ko mai kauri. Kar ki sa mai ruwa-ruwa, tana ɓata ƙullun. Wannan awon zai ba ki makaron kamar 25 bayan an haɗa su bibbiyu.

Ba fulawa, ba yis, ba bakar hoda. Kumfar farin ƙwai ce kaɗai ke tashinsa. Shi ya sa ƙaramin sikelin kicin, mai nuna lamba, ya fi komai muhimmanci. Idan za ki roƙi maigida abu ɗaya, ki roƙi wannan.

Na san almon da tsada, don daga waje ake kawo shi. Mai koyo tana iya farawa da gyaɗa ko 'ya'yan yazawa. Ki murje ɓawon, ki niƙa tare da sukarin hodar, kina kunna injin kina kashewa. Idan kika bar shi yana ta gudu, man zai fito, ki tashi da tunkuza. Kuma shawarata, ranar farko ki raba duk awon biyu, in ya lalace asarar ba ta da yawa.

To ga yadda ake yi. Da farko ki tankaɗe garin da sukarin hodar da hodar koko a rariya sau biyu, ki ajiye tsakin gefe. Sai ki ɗauko kwano na ƙarfe ko na gilas, ki goge shi da lemun tsami, ya bushe ƙayau. Ɗigon mai ko ɗigon gwaiduwa ɗaya ya isa ya hana farin ƙwai tashi. Ƙwan kuma kada ya zama daga firij kai tsaye, bari ya huce. Ki fara bugawa har ya yi kumfa, sannan ki riƙa zuba sukari kaɗan-kaɗan kina bugawa, har ya yi fari fat yana ƙyalli. Alamar ya yi ita ce, in kika ɗaga abin bugun, kumfar za ta tsaya tsaye ba ta lanƙwasa ba, in kika kifa kwanon ba za ta zubo ba.

Nan ne wurin da aka fi faɗuwa, sai ki buɗe kunne. Ki zuba garin cikin kumfar kashi biyu ko uku, kina juyawa a hankali da faffaɗan cokali, daga ƙasa zuwa sama, kina danna ƙullun a jikin kwano. Lokaci-lokaci ki ɗaga cokalin ki duba. Idan ƙullun yana zubowa ba ya tsinkewa, kamar zuma mai kauri, har kina iya zana lamba 8 da shi, kuma zanen ya nutse cikin daƙiƙa 20 zuwa 30, to ki tsaya nan take. Juyi kaɗan ya bar shi da tauri, juyi da yawa ya mai da shi ruwa, kuma ruwan ba shi da gyara.

Ki zuba a ledar matsawa. In babu, leda mai ƙarfi ma ta yi, ki yanke lungunta kaɗan. Ki shimfiɗa takardar gashi a faranti, kar ki shafa mai. Ki matsa ƙananan da'irori, faɗin kamar santimita 3 zuwa 4, da tazara tsakaninsu. Sai ki buga farantin a kan tebur sau huɗu ko biyar, iskar ciki ta fita.

Daga nan sai jira. Ki bar su a sarari har samansu ya bushe, ki taɓa da yatsa bai manne ba. A nan mu 'yan Arewa muna da sa'a, domin iskar hunturu tana busar da su cikin minti 20 zuwa 30. Da damina kuwa yana iya wuce awa ɗaya, sai ki kunna musu fanka daga nesa. Busasshen saman nan shi ke tilasta wa tururi ya fita ta ƙasa, sai ki ga wani ɗan kurji-kurji ya zagaye gindinsa, wanda masu sana'ar ke kira ƙafa. Sauri ya haifi nawa, uwargida. Wanda bai bushe ba fashewa yake yi.

Ki gasa a zafin digiri 150, na minti 14 zuwa 16, kuma kar ki buɗe oben kafin minti 10. Mai oben ɗin gas ta ninka faranti biyu don kada gindin ya ƙone. Masu gasa kek a tukunya da yashi, gaskiya zan faɗa muku, makaron yana son zafi tsayayye wanda tukunya ba ta cika bayarwa ba. Gara ki haɗa kai da maƙwabciya mai oben. In sun gasu, ki bari su huce sarai kafin ki ɗaga, da kansu za su saki takarda.

Saura abin tsakiya. Na cakulan: ki yayyanka baƙin cakulan giram 100, ki ɗumama kirim mililita 100 har ya kusa tafasa, ki juye a kai, ki jira minti biyu, ki juya, ki bari ya yi kauri. Na sitiroberi: ba sai an je ƙasar waje ba, ana nomansa a Jos, kuma lokacin sanyi ya fi samuwa. Ki wanke giram 200, ki yanka, ki dafa da sukari giram 50 da ɗan lemun tsami har ruwan ya ƙone ya yi kauri. In ya huce, ki buga bota giram 100 da sukarin hoda giram 150, ki sa cokali biyu ko uku na dafaffen sitiroberin. Kar ki sa ɗanye, ruwansa zai jiƙa makaron ya ruguje. Ki haɗa su bibbiyu, ki rufe a mazubi, ki sa a firij ya kwana. Washegari ya fi daɗi, waje ƙaras-ƙaras, ciki da laushi. A cinye cikin kwana uku zuwa huɗu.

Ga mai son sana'a, abu ne da ake yi daga cikin ɗaki, ana karɓar oda ta waya don biki ko suna ko gara. Amma ki rubuta kuɗin kowane abu, har da gas da kwali, kafin ki yanke farashi. Ba kayan talla ba ne, rana narkar da shi take yi, don haka kada a ɗora wa yarinya a faranti. Kuma ki gaya wa mai saye akwai gyaɗa ko almon a ciki, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka, har numfashi yana iya sarƙe musu.

'Yar uwata mai tambaya, ki koma wajen maigida da lallashi, ki ce masa yanzu kin gano inda matsalar take. Ki nemi sikeli, ki fara da rabin awo, ki rubuta abin da ya faru a kowane gwaji. Wanda ya fashe ma ba a zubarwa, yara za su yi murna da shi. In kin samu mai ƙafa, ki aiko mana da labari.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.