Jawabi a kan Shirin Ko-ta-kwana a Birnin Tawa da Arewacin Adar



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar ranar wahala, watau ranar da ruwa ya ƙi zuwa, ko kuwa ranar da ya zo ya wuce kima. Mu Adarawa ba baƙin yunwa ba ne. Kakanninmu sun ga Kakalaba a 1913 da 1914. A 1931 fara ta cinye amfanin gona, mutane suka mutu da yawa a ƙasar nan, haraji kuwa bai tsaya ba. Bayan wannan ne Turawan Faransa suka tilasta rumbun tsimi, kowane magidanci ya zuba hatsi a ajiye. Dabarar ba ta da laifi. Amma talaka ya ƙi jininta, domin hatsin nasa ne, ikon buɗewa na kumandan ne, ba shi da bakin tambaya.

To, ku riƙe wannan, gama duk jawabinmu a kansa ya ke.

Mun sami mulkin kai a 1960, aka kafa OPVN a 1970 domin ajiyar abincin ƙasa. Da fari ya tsananta a 1973 taimako ya shigo daga waje, amma wanda ya isa ƙauye bai kai wanda aka sauke ba. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka tuɓe Diori Hamani, kuma maganar rabon abincin nan tana cikin hujjojin da Seyni Kountché ya bayar. Shekara goma bayan haka, a 1984, ga wani farin. A shekarar ne aka fara aikin Keita da kuɗin Italiya, mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana tare ruwa a gangaren tuddai. Wanda ya bi hanyar Keita ya ga itatuwan da idonsa.

Mu dakata a kan 2005, domin da yawanku kun gani. Tun 1989 ƙasar nan ta ke da ofishin gargaɗi kan yunwa. A 2004 fara ta sauka, damana ta yanke da wuri, kuma tun kaka masu lissafi suka faɗi cewa abinci ba zai kai ba. Ba rashin sani ba ne. Aka ce za a sayar da hatsi da rahusa, alhali wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba shi da ko dala. Buhu ya kai wajen jikka talatin a wasu kasuwanni. Likitocin MSF suka buɗe wurin jinyar yara a Tawa, ya cika. Ba a soma rabon kyauta ga kowa ba sai a watan Agusta, lokacin da Shugaba Tandja ya ke musun cewa akwai yunwa. Kansilolin da aka zaɓa ran 24 ga Yuli 2004 kuwa sababbi ne, ba kuɗi, ba mota, wasu ko ofis babu. Da suna da ƙarfin da za su tsaya su ce ga ƙidayar ƙauyukanmu, ga farashin tiya ranar kasuwa, da musun bai yi tsawo haka ba.

Daga baya an kafa kwamitocin sa ido a kananan hukumomi da na gargaɗi a wasu ƙauyuka, masu aika labarin ruwa da kiwo da farashi da lafiyar yara. Inda su ke zama sun yi amfani. Amma kwamitin da ba ya taruwa sai baƙo ya zo da kuɗin zama, wannan suna ne kurum.

Yanzu kuma ga ruwa. A damanar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Ƙasar Adar dutse ce da kwari. Ruwan da ya sauka a tudu ba ya jira, cikin sa'a guda ƙorama ta cika ta yanke hanya. A birni kuwa gidan ƙasa da aka gina a hanyar ruwa, da lambatun da shara ta toshe, su ne ke fara kisa. Gyaran lambatu aikin watan Mayu ne, ba na Agusta ba.

A watan Afrilu na shekarar 2024 ne hukumar soja ta rushe majalisun birane da na ƙananan hukumomi, ta naɗa jami'ai a madadinsu. Wani zai ce tun da haka ne wa za mu tambaya? Mu tambayi wanda ke bisa kujerar, ko zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, cikin ladabi, a rubuce, da sa hannun reshe. Nawa aka ware a kasafin gari domin ranar wahala, kuma nawa aka kashe bara? Buhu nawa ne a sito, wa ya ƙirga, yaushe? In ruwa ya ci unguwa da dare, ina za a kai mutane in ba lakwal ba? Mun fi nauyaya maganar sunayen masu karɓar taimako. A karanta su a fili gaban mai unguwa da liman da mata, gama a arewacin Adar maza suna cirani a Abijan da Legas da Libiya, matan ne ke riƙe da gida, kuma su ne a kan manta da su wajen rubutu.

Kowane reshe ya sa mutum biyu, ɗaya mace, su riƙa rubuta farashin tiyar hatsi da na akuya kowace ranar kasuwa a littafi guda. Kadan hatsi yana hawa akuya tana faɗuwa mako uku a jere, kada ku jira taron wata, ku aiko da takarda Tawa ta motar kasuwa.