Jawabin Ƙaddamar da Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Ɗalibai

 

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban makaranta da malamai, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, iyayenmu mata, da ku 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da ganin wannan rana.

Ran da takardar gayyata ta iso, wani aminina ya leƙa ya gani, ya ce, "Malam, da furfurarka za ka je buɗe wasa?" Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Kalmar nan "wasa" ita ta cuci wannan fanni. Da uba ya ji ta, sai ya ɗauka shiririta ce.

Alhali kuwa kakanninmu ba su ɗauke ta haka ba. In azumi ya kai goma, yara kan fito tashe, wannan ya manna gemun auduga, wancan ya cusa tsumma a ciki ya zama mai tumbi, su bi gida-gida suna kwaikwayon marowaci da gwauro da malamin tsibbu, manya na dariya, mai hali kuma na jin nasa a jikinsa. A fada ma akwai wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa a gaban idonsu, ba wanda ya isa ya yi fushi. Wato Bahaushe ya daɗe da gano hanyar da ƙarami zai faɗa wa babba gaskiya ba tare da ya yi rashin kunya ba.

Wannan hanyar Malam Aminu Kano ya bi tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. Bai girme ku da yawa ba lokacin da ya fara rubuta wasanni yana sukar cuta da zalunci. Kafin ya hau dandalin siyasa, dandalin makaranta ya fara hawa. Bayansa aka sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi a 1960, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979. Da yawa cikin iyayen da ke zaune a nan sun karanta su a aji, amma karatun jarrabawa kawai. Wasa kuwa ba don a haddace aka rubuta shi ba, don a tashi a yi ne.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Ina koyarwa, akwai wani yaro mai i'ina, kullum a kujerar baya, ko sunansa aka kira sai ya sunkuyar da kai. Muna shirya wani wasa, muka rasa mai fitowa a alƙali, na ce shi zai yi. 'Yan aji suka tuntsire da dariya. Mako uku muna gwaji, ina tsaye a can ƙarshen fili ina ce masa, "Ban ji ba, sake!" Ranar wasa muka naɗa masa aron rawani har ya rufe masa gira. Ya zauna a buzu, ya gyara murya, ya yanke hukunci tiryan-tiryan, harshe bai sarƙe ba ko sau ɗaya. Mahaifinsa na cikin taro, ya juyo ya tambaye ni, "Wai nawa ne wancan?" I'inar ba ta rabu da shi ba, kada in yi muku ƙarya, amma daga ranar ya dawo kujerar gaba.

Iyaye, na san abin da ke ranku: kada yaro ya bar karatu ya ce shi ɗan fim ne, kada a cakuɗa maza da mata ba mai tsawatarwa. Damuwarku tana kan hanya. Don haka, ranka ya daɗe shugaban makaranta, a riƙa gwaji da rana, da malami a wurin, a tashi kafin magariba. Wanda kuma ya faɗi jarrabawa, a karɓe rawanin sai ya gyara.

Ku kuma 'ya'yana, ba kowa zai fito a sarki ba. Wani dogari ne, wani mai jan labule, wani yana laɓe da takarda yana tuna wa wanda ya manta. In mai labule ya yi barci, sarki ma ya kunyata.

Da sunan Allah, na ƙaddamar da wannan ƙungiya. Allah ya sa albarka. An ce mini 'yan aji biyu sun shirya mana wani abu, ga alƙalinsu can ma ina hango shi yana ta fama da rawani. To bismillah, a ja labule.