Bayan An Cire Haƙori: Jawabi ga Dattawa da Zumuntar Mata



Mu ne masu zuwa gaishe da marasa lafiya, amma sau da dama da kyakkyawar niyya muke ɓata aikin likita. An cire wa ɗan'uwa haƙori da safe, da yamma mun kai masa kunu mai zafi da goro, muna cewa, "Kurkure bakin sosai." Wannan kuskure ne.

Ga dalili. Idan aka cire haƙori, jini yakan daskare a cikin ramin ya zama guda. Wannan gudan jinin shi ne murfin da ke kare ƙashi da jijiya har nama ya tsiro. In ya fita, bayan kwana 2 zuwa 4 sai azaba ta taso har cikin kunne, baki ya yi wari.

Saboda haka mu cije audugar da likita ya sa na minti 30 zuwa 45. Cikin awa 24 na farko kada mu kurkure baki, kada mu riƙa tofar da yawu, kada mu taɓa wurin da harshe ko yatsa. Mu ajiye fartanya da taɓarya a ranar, gama aikin ƙarfi yakan ta da jini. Mu ci abu mai laushi wanda ya huce, kamar koko ko fate. Rake, gyaɗa da kilishi su jira. Mai shan taba ya haƙura aƙalla kwana 3.

Bayan awa 24, mu sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, mu kurkure a hankali sau 3 ko 4 a rana. Mu ci gaba da goge sauran haƙora, amma buroshi ko asuwaki kada ya shiga ramin. Garin taba, kanwa ko ƙwayar asfirin ba su da wuri a cikinsa.

In jini ya ƙi tsayawa, ko kumburi ya zo da zazzaɓi, ko haɗiya ta gagara, mu mai da mutum asibiti nan da nan. Mai hawan jini, ciwon suga ko mai shan maganin tsinka jini ya faɗa wa likita tun kafin a cire.

Mu kai wannan saƙo gidajenmu. Ubangiji ya ƙara mana lafiya. Amin.