Bindiga da Kunnen Ɗan Kasuwa: Jawabin Kwamitin Tsaro a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya, Oforikrom

Shugaba, iyayenmu, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, direbobinmu, Allah Ya ƙara wa ƙungiya albarka.

An ba ni minti goma sha biyar a kan tsaron hanya, ni kuwa zan kashe su a kan kunne. Na ga wasu na murmushi. Ku yi mini haƙuri kaɗan.

Duk wanda ke bin hanyar Techiman zuwa Kintampo da Buipe da dare ya san dalilin da ya sa wasu cikinmu suka nemi bindiga. Ƙungiya ba ta tura kowa ya saya, amma mun san akwai masu ita. Mai ita ya tabbata an yi mata rajista a wurin 'yan sanda yadda Dokar Makamai ta 1972 ta tanada, kuma yana sabunta lasisi duk shekara. Lasisin nan na Ghana ne kawai. Da ka tsallaka Paga ko Aflao ya zama takardar banza, kai kuma ka zama mai safarar makami a idon jandarma, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai ta tsananta wucewa da su ta boda. Wannan ke nan.

Yanzu ga abin da ba a faɗa wa mutum ranar da ya karɓi lasisi. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Hirar da muke yi a rumfa kusan 60 ce. Daga 85 ne masana suka ce wanda ke yini cikinta kullum kunnensa zai fara lalacewa, kuma injin niƙa yakan haura 90. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙara ta farat ɗaya ta wuce 140 ga babba, 120 ga yaro. Bindiga mai baki biyu da ƙaramar bindiga kuwa suna kaiwa wajen 155 zuwa 160. Kada lissafin kasuwa ya ruɗe ku, ku ce ai ashirin ce kawai tsakanin 140 da 160. Wannan awo ba irin na sidi ba ne: duk goma da aka ƙara, ƙarfin ya ninku sau goma. Ashirin ɗin nan, ninki ɗari ke nan.

Jama'a sun fi tsoron fashewar dodon kunne, alhali shi sau da yawa yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni. Ɓarnar tana can ciki, a wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi, inda akwai ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Wanda ya mutu a cikinsu ya mutu, ba ya sake tsirowa, babu allura, babu tofi. Harbi ɗaya ya isa ya kashe wasu. Ƙugin nan da mutum ke ji bayan harbi, kamar gyare ya shiga kansa, alamar rauni ce, kuma ga wasu ba ya barinsu har ƙarshen rai.

Abin da ya sa na ce maganar tamu ce, 'yan kasuwa, shi ne irin jin da ke fara tafiya. Ba kurma mutum zai wayi gari ba. Siraran sautuka ne ke ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts". Yana jin ana magana, amma kalmomin sun dagule, musamman cikin hayaniya. To ina muke ciniki in ba cikin hayaniya ba? Ka tsaya a Kejetia, ko bakin lori ana sauke albasa, mai kaya ya kira ka daga Yamai a waya, layi na yankewa, yana haɗa Hausa da Faransanci, ya ce sittin ka ji saba'in. Ya karanto maka lambar da za ka tura kuɗi, ka rubuta wata. Mai irin wannan matsala yakan daɗe yana zargin waya, ko ya ce yaran yanzu ba sa buɗe baki, kafin ya gane daga gare shi ne.

Wani zai ce, ranka ya daɗe, ɗan fashi zai jira ni in toshe kunne? Ba zai jira ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi tuƙi ko gadin shago da kunne a toshe. Mai gadi da direba da kunne suke tsira, su ji takun ƙafa, su ji ihun motar gaba. In ranar tsiya ta zo, Allah Ya kiyaye, rai ya fi kunne. Sai dai ku san harbi a cikin mota ko ɗaki ya fi na fili muni, saboda ƙarar tana bugun ƙarfe da bango ta dawo. Kuma ba mai harbin kaɗai take samu ba. Yaron motar da ke gefenka, da hajiyar da ta biyo kayanta a kujerar gaba, wataƙila kansu ya fi naka kusa da bakin bindigar.

Amma mu faɗi gaskiya, cikin masu bindiga nawa ne suka taɓa harbin ɗan fashi? Harsashin da muke ƙonawa, a gwaji ne, da farauta, da harbin sama a biki, wanda shi ma 'yan sanda sun sha gargaɗi a kansa. A duk waɗannan akwai lokacin shiri, babu uzuri. Masu zuwa Tamale kallon Damba su ma su kula, bindigar toka ba ta san ɗan kallo ba, kuma kada a tsaya da goyo kusa da masu harbi.

Auduga ba ta tare komai, haka ma takarda ko waya mai kiɗa a kunne. A nemi abin toshe kunne na soso, irin wanda masu sayar da kayan ma'aikatan gini da na ma'adinai ke ajiyewa. Kuɗinsa bai kai na harsashi ɗaya ba. In an sa shi daidai yana rage 20 zuwa 30. Ka murza shi ya sirance, ka zagaya ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura shi ciki, ka riƙe rabin minti har ya kumbura. Wanda ya maƙala shi a bakin kunne kawai, ado ya yi. A ɗora murfin kunne a kai in akwai, ƙarin kusan 5 ne, amma a wannan awo 5 ba kaɗan ba ce. Akwai kuma murfi mai batir da ke barin ka ji magana, ya datse ƙarar harbi. Yana da tsada, sai dai ga mai gadin sito shi ne ya dace.

Mai doguwar bindiga da ke ɗora ta a kafaɗar dama, kunnen hagu ne ke fara lalacewa, don shi ke fuskantar bakinta. In kana lura kullum kana mayar da waya kunnen dama, to ka je a duba ka.

Wanda aka yi harbi kusa da shi, ya kwana ji bai dawo ba, ko jiri, ko jini, kada ya ɗiga mai ko ruwan ganye, kada ya ce sai ya dawo daga tafiya. Maganin da likita zai iya gwadawa a kwanakin farko yake aiki. Ya tafi Gee, asibitin Komfo Anokye, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a can ake awon ji. Awon ba ya ciwo, ba ya cin awa guda.

Kwamiti na roƙon shugaba a ware wani abu daga asusu a sayo sosan kunne kwali guda a ajiye a ofis. Masu son a haɗa su a je awo rana ɗaya, su ba sakatare sunansu kafin a watse.