JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU A KAN KYAMARORIN TSARO DA KUBOBIN ZAMANI

 Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda ya kamata magidanci ya zaɓi kyamarar tsaro da kuba ta zamani, watau wadda a ke buɗewa da lamba ko yatsa ko wayar hannu. Waɗannan kaya sun shigo kasuwanni, masu gidaje suna ta saye, kuma in rigima ta tashi a kansu tsakanin maƙwabta, ko tsakanin mai gida da ɗan haya, a gaban hakimi za a fara kawo ta. Saboda haka ya wajaba hakimi ya san abin da zai faɗa wa jama'arsa.

Tushen maganar ɗaya ne. Wanda ya sa kyamara ko kuba ta zamani kamar ya ɗauki sabon mai gadi ne. Ba a ɗaukar mai gadi sai an san ko zai jure wa aikin, an kuma san wanda ya ke kai wa labarin gida.

Wuta da yanayi

Abu na fari da za a duba shi ne wutar lantarki, gama kyamarar da ta mutu sa'ad da aka ɗauke wuta ba ta da amfani, ɓarawo kuwa duhu ya ke jira. Tilas ne a haɗa kyamarori da na'urar ajiyar hotunansu da batir ko sola, yadda za su kwana suna aiki.

Na biyu, ƙura da ruwa. A jikin kwalin kyamarar waje a kan ga alama kamar IP65 ko IP66. Lamba ta fari, 6, ma'anarta ƙura ba ta shiga cikinta. Ta biyu kuwa tana nuna ƙarfin feshin ruwan da za ta iya jurewa. A ƙasar da a ke hazon hunturu da iskar farkon damina, kada a kafa wadda ta kasa IP65 a waje. Har wa yau a duba iyakar zafin da aka rubuta mata, domin a Sakkwato da Maiduguri zafi ya kan wuce digiri 40 cikin watan Afrilu. A kafa ta a inuwar rufi, a riƙa share gilashinta.

Gida mai katanga da gidan haya

Babban gida mai katanga ya fi dacewa da kyamarori masu waya, waɗanda ke aika hoto zuwa na'ura ɗaya a cikin gida, ko da intanet ko babu. A sa ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a ƙofar baya, ɗaya wajen ajiye mota, sauran kuma a kusurwoyin katanga. Kada tsayinsu ya wuce ƙafa 8 zuwa 10, don wadda aka kai can sama hula da rawani kaɗai ta ke ɗauka, ba fuska ba. A gwada ta da dare kafin a biya kuɗi. Na'urar ajiya kuwa a ɓoye ta a ɗaki mai kulle, gama in ɓarawo ya tafi da ita, ya tafi da shaida.

A tambayi mai sayarwa kwana nawa hoto ke zama kafin sabo ya shafe shi. Kyamara mai aika megabit 2 a daƙiƙa tana cin wajen gigabait 21 a kwana guda. Ke nan ma'aji mai terabait 1 zai ɗauki hotunan kyamarori 4 na kwana 11 ko kusa da haka. Wanda ya kan yi tafiyar wata guda sai ya nemi wanda ya fi wannan.

Ɗan haya a gidan bene hukuncinsa daban ne. Ƙofa da bango na mai gida ne, matakala da farfajiya kuwa na dukan mazauna ne. Ƙaramar kyamara mai batir a bakin ƙofarsa ta ishe shi, ita ma sai da yardar mai gida. Ana roƙon malamai, in suna rubuta takardar haya, su sa sunan wanda ke da ikon kallon hotuna, da wanda ke riƙe da lambar kuba, da sharaɗin cewa za a sake lamba ran da ɗan haya ya tashi.

Zaɓen kuba

Amfanin kuba ta zamani shi ne ana iya ba baƙo ko ɗan aiki lambarsa ta kansa, in ya bar gidan a soke ta, ba sai an kira kafinta ya sake kuba ba. Amma fa da batir ta ke aiki. A zaɓi wadda ke gargaɗi kafin batir ya ƙare, wadda kuma ke da ramin mabuɗi na ƙarfe. A cikin Agusta 2017 kamfanin LockState na Amurka ya aika wa kubobinsa gyara ta intanet bisa kuskure, wajen 500 suka daina karɓar lamba, sai mabuɗin ƙarfe ne ya yi rana. A ajiye wannan mabuɗi wajen amintacce, ba cikin ɗakin da aka kulle ba.

Mai karanta yatsa ta kan ƙi hannun da ya jiƙe ko ya tsage, kamar na tsofaffi da na masu aikin ƙarfi, balle da hunturu; don haka a sami mai lamba tare da yatsa. Kuma lalle ta zama wadda ko yaro zai buɗe daga ciki da hannu, saboda gobara. Kuba mai tsada a jikin ruɓaɓɓen ƙyaure asarar kuɗi ce. A fara gyara ƙyaure da sakata tukuna.

Lambar sirri

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kyamarori da yawa sun kan zo da lambar sirri iri ɗaya daga masana'anta. A cikin 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana gwada irin waɗannan lambobi wajen 60, ta mallake dubban kyamarori, masu su ba su sani ba, har a watan Oktoba aka yi amfani da su aka tsai da manyan shafuna a Amurka. Ingila ta hana sayar da kaya masu irin wannan lamba tun 29 ga Afrilu 2024. Magidanci ya sake lambar da hannunsa ran da aka kafa kaya, bayan mai haɗawa ya tafi, kada kuma ya sa shekarar haihuwarsa ko lambar wayarsa.

Mutuncin gida

Wannan shi ne mafi nauyi. Zaure da katanga an gina su ne don suturar iyali, amma kyamara mai aika hoto ga kamfani ta kan tsallake su duka. A cikin 2023 hukumar kula da ciniki ta Gwamnatin Amurka ta tuhumi kamfanin Ring da cewa wani ma'aikacinsa ya kalli dubban hotunan mata cikin ɗakunan kwana da makewayi, kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 5.8. Darasin a fili ya ke: kada a sa kyamara a ɗakin kwana, ko turaka, ko sashen mata. Aikinta a ƙofa ne.

Haka nan kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin mutane da na gidajensu. In an kawo ƙara irin wannan, hakimi ya aiki mai unguwa ya duba abin da kyamarar ke nunawa a gaban mutanen biyu, a karkatar da ita in ta wuce iyaka. In kuwa an yi sata, a miƙa hoton ga 'yan sanda, kada a watsa shi a wayoyi, domin kama da wane ba ta wane, ana iya auka wa marar laifi.

A ƙarshe, kyamara gani ta ke yi, ba ta kamu. Sanin baƙon da ya sauka a unguwa da zaman lafiya da maƙwabta suna nan a matsayinsu. Ana fata hakimai za su isar da wannan ga dagatai da masu unguwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.