Kwalin Sigari Marar Ado

Jawabin da jami'in yaƙi da jahilci ya yi wa ɗaliban ajin manya na Ikara da Maƙarfi da Kudan.

Yau maganarmu a kan kwalin sigari take, watau ɗan akwatin takardar nan da ake zuba taba a ciki.

Ku manoma ne, kun san ciniki. Mai kai rake kasuwar Maƙarfi yakan sa masu kauri a bayan dami. Mai tumatir a Ikara yakan jera jajaye a saman kwando. Dalili kuwa, ido ke fara saye kafin hannu ya shiga aljihu. Masu yin sigari sun san haka sarai. Shi ya sa suke ƙawata kwali da ja da fari da ruwan zinariya, don yaro ya gani ya yi sha'awa. Amma kyan ɗan maciji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Tana kawo sankarar huhu, da ciwon zuciya, da tarin da ba ya jin magani. Wanda ke zaune kusa da mashayi ma bai tsira ba.

To, sai wata ƙasa mai suna Ostareliya ta yi dabara a shekarar 1912 da ɗari, watau 2012. Ta ce a tuɓe wa kwali adonsa. Kowane kamfani ya yi nasa da launi guda, mai duhu kamar taɓon fadama. Ba tambari, ba zane. Sunan sigarin a rubuta shi da ƙananan baƙaƙe iri ɗaya, sauran fili kuwa a cika shi da hoton cutar da taba ke jawowa. Kamfanoni suka kai ƙara, ba su yi nasara ba. Ku auna da kanku: da ado ba ya jawo ciniki, me zai kai su gaban alƙali? Binciken gwamnatin ƙasar na 2016 ya nuna dabarar ta taimaka wajen rage mashaya. Ingila da Faransa suka bi sahu, daga baya Saudiyya ma ta bi.

Mu nan Nijeriya ba mu kai can ba tukuna, amma an kama hanya. An yi dokar taba a 2015, aka ƙara mata ƙa'idodi a 2019. A 2021 aka fara wajabta buga hoton gargaɗi, wanda a lokacin yake cin rabin fuskar kwali. Hoton nan wa'azi ne ga wanda bai iya karatu ba. Dokar ta hana tallan sigari, ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara, sai kwali mai 20.

Ga inda gizo ke saƙa. A Hunkuyi ko a tashar Ikara, mutum nawa ke sayen kwali ɗungum? Kara ɗaya ake miƙa masa daga tebur, bai ga hoto ba balle ya ji tsoro. Saboda haka ko an kawo mana kwali marar ado gobe, aikin ba zai cika ba sai mun taimaka da kanmu.

Tun da kun koyi lissafi, ku ɗauki alli. Mai shan kara 5 kullum, a shekara ya sha kara 1,825, watau kwali 91 da 'yan kai. Ku tambayi kuɗin kwali guda, ku ninka, sa'an nan ku gwada da kuɗin buhun taki.

Abu uku nake roƙonku. Na ɗaya, kada babba ya aiki yaro sayen sigari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, mai tebur ya bar sayar wa yara, ko da an ce aiko su aka yi. Na uku, wanda ya riga ya saba, ya je asibiti ya nemi shawara. Nikotin da ke cikin taba shi ke riƙe mutum, amma da yawa sun bari, sun kuwa ji daɗin jikinsu.

In kun koma gida ku gaya wa waɗanda ba su zo ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.