Hannu Biyu Na Birki Ne: Yadda Za A Ɗaura Tocila A Keke

(Jawabin da kwamiti ya yi a taron wata-wata na 'yan garinmu mazauna Yamai. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su samu zuwa ba.)

Mun sani wasu daga Harobanda suka taso, wasu daga Bukoki da Talaje, wasu ma tun daga Saga. Da yawa daga cikinku kuma a kan keke za ku koma, bayan duhu ya yi. To, maganarmu ta yau a kan wannan komawa take.

Kowa ya ji abin da ya samu ɗan'uwanmu mai shayi a damanar da ta wuce. Ya tashi daga aiki da dare, ya ɗaure kayansa a bayan keke, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya riƙe da tocila. Ashe ruwa ya zaizaye gefen hanya. Ya ga ramin sarai, amma da ya matse birki da hannu guda sai kan keken ya karkace, ya kife da shi, ya karye a kafaɗa. Ya daɗe a kwance, teburinsa a rufe, iyalinsa a gida suna jiran saƙo. Asusun ƙungiya ya taimaka gwargwadon hali, mun kuma gode wa duk wanda ya sa hannu. Amma ku lura da abu ɗaya. Mutumin nan yana da tocila, kuma tana da haske. Abin da ya rasa a lokacin shi ne hannu na biyu.

Wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai, halinmu ne duka. Wani ya riƙe tocila a hannu, wani ya cije ta a baki, wani ya maƙale ta a hammata, samari kuwa fitilar waya suke kunnawa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Hannun da ya riƙe fitila ba zai kama birki ba.

Mu a Yamai ba mu da yadda za mu guje wa tafiyar dare. A watan Nuwamba rana takan faɗi tun kafin ƙarfe 6 da rabi. A watan Yuli ma, da yini ya yi tsawo, ba ta kai 7 da rabi ba. Da ta faɗi kuwa, kafin rabin awa gari ya rufe. Lokacin nan ne lebura da tela da mai shago ke komawa gida, lokacin ne kuma mai gadi da mai tsire ke fita aiki. Fitilun kan hanya suna manyan tituna, ba su shiga lungunan unguwanninmu ba. Ko inda suke ma, wuta takan ɗauke. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka yi wata da watanni ana fama har zuwa Maris na 2024. Saboda haka kada mai keke ya dogara da hasken da ba nasa ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ƙifta ido ka buɗe. Daga lokacin da direba ya hango ka zuwa lokacin da motar za ta tsaya cik, sai ta ci wajen mita 40, in kwalta a bushe take kuma birkinsa lafiya lau. In bai hango ka ba sai da ya rage mita 20, to ko direban kirki ne ba abin da zai iya. Ku tuna da gadar Kennedy, wadda aka buɗe tun 1970, yadda take da ƙunci, ga faba-faba, ga babura, ga amalanke, ga masu ƙafa. Ku tuna da hanyar Doso da ta Tilaberi inda manyan motoci ke wucewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur. Wato irinmu. Don haka fitilar keke aiki biyu take yi: ka ga hanya, a kuma gan ka.

Doka ma ba ta bar mu a baya ba. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a Biyana a 1968, wadda Nijar ke cikinta, ta ce keke ya kasance da birki mai aiki, da ƙararrawa, da farar fitila ko rawaya a gaba, da jar fitila da jan madubi mai mayar da haske a baya.

Dattawanmu sun san kekunan da, irin su Raleigh da Peugeot, masu fitilar dainamo da ke gogar taya. Tana da kyau, sai dai da ka tsaya ta mutu, in ka shiga rairayi ka rage gudu ta dushe. Yau ga tocila mai ƙwan LED a Babbar Kasuwa da Wadata da kowane tebur na bakin hanya, ba ta da tsada, haskenta ya fi, batirinta ya fi daɗewa. Abin da ya rage kawai shi ne a ɗaure ta ɗauri na ƙwarai. Ga yadda masu facinmu suka koya mana, mun kuma gwada da kanmu.

Na farko, zaɓen tocila. A nemi gajera, marar nauyi, mai jiki miƙaƙƙe. Doguwa mai manyan batir uku ba ta zama, nauyinta ke rinjayar da ita. A girgiza ta tana kunne. In haskenta ya yi ta ƙiftawa, batir ne ke motsi a ciki. A ɗan ja murɗaɗɗiyar wayar da ke cikin murfi ta ƙara tsawo, a naɗe batirin da 'yar takarda ta gefe don ya cika gurbinsa.

Na biyu, roba. A samu tsohuwar robar ciki ta taya wajen mai faci, ko a Katako. A yanka ta a tsaye, faɗin yatsa biyu, tsawon kamu uku. A yanka guda biyu. Kada a yi amfani da igiya ko tsumma ko waya, don ba sa kama ƙarfe, santsi suke yi.

Na uku, shimfiɗa. A kan keke, wato ƙarfen da ake riƙewa, kusa da tsakiya, a naɗa roba ɗaya zagaye uku ko huɗu, a ja ta sosai. Wannan ita ce za ta hana tocila zamewa, ta kuma sha girgizar hanya. Mutane da yawa nan suke kuskure, su ɗora tocila a kan ƙarfe tsirara, da an faɗa rami ɗaya ta sunkuya tana haska taya.

Na huɗu, ɗauri. A ɗora tocila a kan yatsa a gano inda nauyinta ya daidaita, gaba bai rinjayi baya ba. Daidai wurin nan za a aza a kan shimfiɗar, bakinta na duban gaba. A kawo roba ta biyu a yi ɗaurin gicciye: ta bi ta kan tocila a gaban ƙarfe, ta zaga ta ƙarƙashi, ta hau ta bayan ƙarfe, ta sake komawa ƙarƙashi, a yi ta maimaitawa ana ja har ta kusa ƙarewa, sannan a cusa bakinta ƙarƙashin naɗin ƙarshe. Wanda yake son abin ya fi ƙarko, ya sa kafinta ya yanko masa ɗan katako kamar akwatin ashana, ya fafe kwari ɗaya a ƙasa wanda zai hau ƙarfe, ɗaya a sama a gicciye wanda tocila za ta kwanta. A bar makunni a waje inda babban yatsa zai kai. A duba kada ɗaurin ya danne wayar birki ko sandarsa.

Na biyar, a ɗaure zaren gindin tocila a jikin keke. Ran da roba ta tsinke, tocila za ta yi reto ne kawai, ba za ta faɗa cikin ƙafar keke ba.

Sai saitin haske. Mai keke da ke tafiyar kilomita 15 a awa yana cin mita 4 a daƙiƙa. Don haka a karkata tocila ƙasa kaɗan, tsakiyar haskenta ya sauka a ƙasa kamar taku 10 a gabanka. Wannan zai ba ka wajen daƙiƙa biyu ka kauce wa rami, ko kwata da ba ta da murfi, ko akuyar da ta kwanta a hanya. Kada a ɗaga ta sama. Tocilar zamani tana kashe ido, kuma mai babur da ka makantar kai zai faɗo wa. Lokacin hunturu ma, in hazo ya sauko, hasken da aka ɗaga ƙura kawai yake haskawa. Bayan an saita, a ɗaga ƙafar gaba kamu ɗaya a sake ta ta bugi ƙasa, sau uku. In hasken bai gusa daga inda yake ba, ɗauri ya yi. In ya gusa, a kwance a sake.

Kada mu manta da baya, don motar da ke bin ka ba ta ganin tocilar da ke gabanka. A samu ƙaramar tocila, a rufe bakinta da jar leda ninki biyu, a ɗaure ta ƙarƙashin sirdi da irin wannan roba. Ja kawai, ban da fari, don farar fitila a baya takan sa direba ya zaci tahowa kake yi. In jan madubin keke ya fashe a sake wani, ba ya cin batir. Masu ɗaukar buhu ko jarka, da masu babbar riga, ku waiwaya ku tabbata kaya ko riga ba su rufe fitilar ba. A bi hannun dama kullum, ko da hanya ta yi kamar ba kowa. Farar riga kuma ta fi baƙa a tafiyar dare.

Abu na ƙarshe, kulawa. Zafin Afrilu da Mayu, da yakan wuce digiri 40, yana cin roba. Duk ranar Juma'a a ja ta a duba, in ta fara tsattsagewa a sake sabuwa. Tocila mai caji ba ta yin sallama in za ta mutu, don haka a cika ta tun da rana. Da damana a rufa mata farar leda a sama. In an ajiye keke a kasuwa, a kwance ta a sa a aljihu. Wanda ya saba, ɗaurin ba ya cin minti biyu.

To, jama'a, ga abin da kwamiti ya tsayar. Ranar taro mai zuwa kowa ya zo da kekensa da tocilarsa tun la'asar. 'Yan'uwanmu masu faci sun yi alkawarin kawo roba, za su ɗaura wa kowa kyauta, su kuma koya wa yara. Iyaye, a duba kekunan 'yan makaranta da na yaran da ake aike da dare. Wanda zai je gida kuma ya kai wannan takarda, a karanta wa masu zuwa kasuwannin ƙauye, don su ma cikin duhu suke dawowa.

Mun baro gida ne don neman abin da za mu rufa wa kanmu da iyalinmu asiri. Kada tsohuwar robar da ake zubarwa a bola ta zama ita ce ta gagare mu. Rigakafi ya fi magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya ba ɗan'uwanmu sauƙi.